Sunan Naziru Cikin Na'ura

Zuwa ga Yaya Zubaida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina hwatan kuna lahiya ke da Malam da ɗiya can Ilorin, Allah shi ƙara rufa asiri. Inna ta ji sauƙin ƙahwa, tana hita har zaure. Maimunatu matar Yaya Naziru saura mata kwana ashirin ta hita takaba. Ɗiyarta Karima na nan tana wayo.

Yaya, wani abu ya hwaru wurin aiki, ban san ko na yi daidai ba. Kin san asibitin nan na Anka sun ba ni gurbin marigayi Yaya Naziru don tausai, gwajin wata ukku, ina auna yara ina sa lamba ga kwamfuta. To akwai wata babbar na'ura cikin ɗan ɗaki, ita ta san sunan kowa, ita ka buɗe ma mutum kwamfuta in ya zamna. Ran Litinin tam mutu. Kowa yaz zamna hannu sake.

Sai anka kira wani Malam Faruk, mai gyaran na'ura, daga Gusau. Ya zo da sabuwa, yac ce dole ta ɗauki sunan tsohuwar, don ƙananan kwamfutocin sunan nan kaɗai sunka sani. Yac cire wayar tsohuwar, yac ce kar wanda ya sake kunna ta. Sai yan nemi ɗan akwatin da aka aje kwahin abin da ke cikin tsohuwar. Ashe Yaya Naziru ne ka jona shi duk Juma'a, ba wanda yas sani. Tun azumi da yar rasu ba a sake jonawa ba. Da wanga tsohon kwahi anka tada sabuwar.

Da tat tashi kowa ya shiga, ban da ni, don lokacin azumi ban kama aiki ba, sunana bai cikin kwahin. Malam Faruk bai san mu ba, yad dubi jerin sunaye yac ce, "Wane ne Naziru Musa? Shi zo shi gwada nashi." Ni dai ina tsaye riƙe da sikeli. Hajiya Zulai, shugabarmu, taj ja shi gefe ta gaya mai.

Ya ba ni haƙuri sosai. Yac ce hanya biyu ce. Ko a bar sunan Naziru a ruhe, a nemo izinin buɗe mani sabo daga Gusau, abin na iya kai mako ukku. Ko shi goge sunan Naziru shi rubuta nawa wurin, yanzu-yanzu. Hajiya tac ce ba ta tilasta ni, amma ran Alhamis matan ƙauyen Bagega za su kawo yara, kuma in wata ya ƙare ban yi aiki ba, ba ta san abin da za ta rubuta ga takardar gwajina ba. Na tuna aikin ga shi ka ci da Inna da Karima. Sai nic ce mai shi goge.

Bai kai minti guda ba. Na zaci zan ji wani abu, ban ji komi ba. Na koma na ci gaba da awo.

Da na shiga, kayan Yaya Naziru duk suna ciki yadda yab bar su. Akwai ɗan rubutu da yay yi ma kainai: takalmin Karima na Salla, lamba ashirin da huɗu, ja. Ran kasuwa na saye na kai mata gida. Maimunatu tat tambaye ni wa yac ce in sayo ja, nic ce hakanan dai. Munka gwada. Sun yi mata kaɗan, diddige bai shiga. Ta ƙi yarda a cire, tana ta jan su cikin tsakar gida.

Ki gaya mani ko in hwaɗa ma Maimunatu inda na ga lambar. Inna ban gaya mata komi ba.

A gaida Malam, da Abdulmajid, da Halima ƙarama. Inna na gaishe ki.

Ƙanenki,
Haris