Kyamarar da Ta Wuce Bakin Tabarma

Unguwar Gwale,
Birnin Kano.
Watan Maris, 2011.

Zuwa ga ƙanena Muttaka,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka Yusra, da maigidanka na shago a can Dubai. Allah Ya ƙara rufin asiri, Ya sa wa kasuwa albarka, Ya tsare ku daga sharrin zaman baƙunta. Mu ma nan alhamdu lillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma makarantar Islamiyyarsu ta safe. Bappa ya rabu da bijimin nan da ya hana unguwa sakat, ya sayo tumaki ya zuba a garke, yanzu kuma su yake yi wa faɗa. Gari ya rikice da siyasa, wannan zaɓe na huɗu ke nan tun da soja suka koma bariki, amma har yau kamar farin shiga ake yi. Katangar gidanmu ma ba ta tsira ba, fosta kan fosta, kullum sai an ɓamɓare.

To, gaisuwa ta ƙare, kuma na yi ta ne don addini ya ce a yi. Na zaɓi in rubuto maka takarda saboda na gane halinka a waya: in magana ta yi zafi sai ka yi dariya, in ta ƙara zafi sai ka ce katinka ya ƙare. Takarda ba ta da kati. Alhaji Sani mai atamfa, wanda zai miƙa maka ita, zai haɗa maka da kwali guda. Ka buɗe a gabansa. Kyamararka ce, da batirinta da cajarta da igiyar ratayarta, ko tsinke ban rage ba. Na dawo maka da kayanka.

Bari in tuna maka yadda aka yi, don na san kai ba ka riƙe abin da bai yi maka daɗi ba. Da ka zo Babbar Sallah, ka ɗauki kyamarata ka jujjuya ta kana yatsina fuska kamar ka tsinci mushe. Ka ce wannan ai kurof ce, ɗan farantin da yake kama hoto a cikinta ƙarami ne, saboda haka tana yanke gefe da gefen duk abin da aka ɗauka. Ka fito da taka ka ce ita ful-firem ce, nata farantin cikakke ne, ba ta barin komai. Ka ce gilashin gaban tawa, wato lens, zai zauna a kanta daram, in ɗaura in ci gaba da aikina, ba abin da zai canza sai kyau. Ka ce tun da farar hula suka dawo kowane ɗan takarar kansila yana neman mai ɗaukarsa hoton fosta, ni kuma na zauna ina bin gidajen biki da tsohon ƙarfe. Na ce maka ba na so. Sai ka zagaya ta wajen Inna, ka ce Adda Murja ba ta son ci gaba, ƙaninta ya kawo mata alheri ta ƙi. Ka san ba na iya musu da Inna. Ranar da za ka tafi ka saka tawa a jakarka, wai za ka musanya ta a shagonku.

Ba zan zalunci kyamararka ba, don ba ita ta kawo kanta ba. Tana gani a duhu, wannan gaskiya ne. Ɗakin Goggo Tani da ko taga ba shi da shi, na ɗauke ta a ciki ba tare da fitila ba, ta fito har tsagen fuskarta ana ƙirgawa. Tana kuma narkar da bayan mutum, ya fito shi kaɗai kamar an ɗora shi a kan hoton. Amma nauyi gare ta, in na yini da ita sai an shafa mini man zafi a wuyan hannu, kuma kafin a ci abincin biki memorin da yake adana hotuna ya cika. Duk wannan da sauƙi, da shi ke nan da na haƙura na yi shiru.

Abin da ba ka tambaya ba, don kai ba ka tambaya, shi ne yadda nake aikina. Ni ba ni da shago a bakin titi. Jarina shi ne ni mace ce, ina shiga inda namiji ba ya shiga, gidajen malamai da na attajiran cikin birni, tun daga Gwale har Goron Dutse. Kuma ba don iya ɗaukar hoto na fi kowa ake kirana ba. Ina da tabarmata, jar nan mai baƙin baki, ka san ta. In na shiga gida sai in shimfiɗa ta a tsakar gida, in ja da baya zuwa inda na saba tsayawa. Daga nan tsohuwar kyamarata tabarma kawai take gani, daga wannan baki zuwa wancan, ba ƙari. Duk matan cikin birni sun san dokar: wadda ta hau tabarmar Murja ta shiga hoto, wadda ba ta hau ba ba ta ciki. Mai son hoto sai ta gyara ɗaurinta ta yafa mayafi ta hau. Wadda mijinta ya hana, da mai takaba, da tsohuwar da ba ta so, da mai shayarwa, sai su zauna dab da bakin tabarma suna kallo suna guɗa, hankalinsu kwance, ko ɗankwali ba sa nema. Shekara da shekaru ko yatsar wata bai taɓa leƙowa cikin hotona ba. Yankan nan da kake rainawa, Muttaka, shi nake sayarwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sai ga bikin 'yar gidan Alhaji Abubakar na Ƙofar Dawanau, babban biki na farko da na je da kayanka. Na shimfiɗa tabarma, na tsaya inda nake tsayawa, da lens ɗina na kullum, tunda ka rantse ba abin da zai canza. Tsakar gida ta cika maƙil, ana ta turereniya, wannan ta ja ni, waccan ta kira ni. Idona yana kan fuskar amarya da ɗaurin ƙawayenta, don can idon mai hoto yake zuwa, kuma ban taɓa buƙatar duba gefe ba. Na kai memori wajen masu wankin hoto kamar yadda na saba, suka wanke suka jera a albam suka naɗe, ƙanwar ango ta biya ta karɓa. Ashe kyamararka mai cika alkawari ce. Ka ce ba ta barin komai, ba ta kuwa bari ba. Ta haɗiye tabarma, ta haɗiye abin da yake damanta da hagunta, har bakin madafa.

A hagun tabarmar nan Ladi ce zaune. Ladi matar Malam Jibrin, wadda muka yi makarantar allo tare, wadda take goya ka in Inna ta tafi unguwa. Mijinta ba ya son hoto, kowa ya sani, shi ya sa ba ta hau ba. Tana zaune tana shayar da ɗanta, zafi ya sa ta cire ɗankwali ta ajiye a cinya, tana dariya da bakinta duka. Haka ta fito, ba a hoto ɗaya ba, kusan a duk wanda aka ɗauka a wurin, kuma fes, don ai kyamararka ba ta wasa da kyau. Albam ɗin bai tsaya a ɗakin amarya ba. Abokan ango suka karɓa suka baje a zaure suna miƙa wa juna, cikinsu har da waɗanda suke ɗaukar karatu wajen Malam Jibrin. Ɗaya daga ciki, Allah Ya shirye shi, ya ɗauka da wayarsa. Kafin labari ya zo kunnena an riga an nuna wa Malam iyalinsa a hannun wani ƙato.

Malam Jibrin bai yi hayaniya ba, ka san ba ya yi. Ya ce da Ladi ta tafi gidansu sai ya neme ta. Yau tana can da jariri a ɗakin mahaifiyarta, manyan 'ya'yan suna wajen ubansu. Bappa ya yi ta sintiri tsakanin gidajen nan biyu har takalminsa ya san hanya, amsa ɗaya ake ba shi, wai a bari zuciya ta yi sanyi. Ni na je na karɓo albam, na ciccire hotunan na ƙona a murhu, amma wanda ya shiga waya ina zan same shi? Na je wajen Ladi na durƙusa. Da ta zage ni da na ji daɗi. Ba ta zage ni ba. Tambayata kawai ta yi ko ta hau tabarma ne ba ta sani ba, don ita iya saninta ba ta hau ba. Na fito ina kuka a lungu kamar yarinya.

Da na kira ka na faɗa maka, ka tuna abin da ka ce? Dariya ka fara yi. Ka ce ai wannan ba matsala ba ce, in riƙa matsowa kusa, ko in saka hoton a kwamfuta in yanke gefen, minti nawa ne. Ka ce laifina ne da ban koyi kayan aiki ba. Wato in karɓi kyamarar da aka yi don kada ta yanke, in dawo ina yanka da hannuna, wannan shi ne ci gaban? Kuma ko na yanke a kwamfuta, wa zai yanke a cikin memori, wa zai yanke a idon masu wanki? A da ina iya dafa Alƙur'ani in ce wadda ba ta kan tabarma kyamarata ba ta taɓa ganinta ba. Yanzu sai dai in ce ta gan ta amma na goge, kuma babu malamin da zai bar iyalinsa a kan alkawarin gogewa. Kai ka san abin da canjin nan yake yi, kullum shi kake yi wa masu saye bayani da Turanci da Larabci. Kalma ɗaya ta ishe ni, ka ce Adda ki lura, za ta buɗe fiye da taki. Ba ka faɗa ba, don ba aikina ne ya dame ka ba, so kake a ce ƙanin Murja ya kawo mata babbar kyamara daga Dubai. An kuwa faɗa, har an gaji.

Kana yawan tambayata ko canjin bai biya ba. Ga amsa, ka rubuta ka manna a shagonku. Ga mai ɗaukar 'yan siyasa a filin taro, wanda yake so a ga jama'a har ƙarshen fili, ya biya. Ga mai shago da labule da fitilu, wanda ba kowa a gefensa sai bango, wataƙila ya biya. Ga wadda take aiki a tsakar gidan mutane, inda abin da ba a ɗauka ba ya fi abin da aka ɗauka daraja, bai biya ba, garin neman gira ne aka rasa ido. Bukukuwan da aka riga aka yi mini magana duk an aiko cewa an samu wata. Ba wanda ya faɗi dalili, ba kuma wanda ya buƙaci faɗa.

Abin da nake so gare ka biyu ne. Ka dawo mini da kyamarata ta hannun Alhaji Sani. In ka sayar, ka bi wanda ka sayar wa. In ta ɓace, ka nemo irinta sak, kurof ɗin nan da kake jin kunyar ambata, kada ka kuskura ka ƙara mini ko da maɓalli ɗaya da sunan alheri. Na biyu, ka kira Malam Jibrin da bakinka, ba saƙon waya ba, ka gaya masa yadda abin yake, cewa matarsa ta zauna inda mata masu kamun kai suke zama, kayan aikin ne aka canza ba a faɗa ba. Ni mace ce kuma ni ce mai laifin a idonsa, ba zai saurare ni ba. Kai namiji ne, kuma mai sayar da abin, wataƙila ya ji. In ka ga girmanka ya wuce haka, ka faɗa mini in san matsayina. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, shi ya sa har yanzu nake kiranka ƙanena, amma kada ka ɗauka na huce.

Ban ma sani ba ko dawowar kyamarar za ta gyara wani abu. Hauwa ta gidan Bappa ta sauka, an samu mace, an yi suna ranar Asabar da ta wuce. Na tafi hannu rabbana, ba jaka, ba tabarma, ba komai sai turmin atamfar barka. Tsakar gida cike da danginmu, waɗanda muka tashi tare, muka yi wanka a baho ɗaya. Ina yin sallama hira ta tsaya. Na ga hannaye suna lalube, wannan ta ja mayafi, waccan ta ɗaura ɗankwali, mai jego ta juya wa ƙofa baya. Ba wadda ta yi da mugunta, ba su ma san sun yi ba. Na waiga wajen Inna in ga ko ita za ta yi musu magana, sai na tarar ita ma tana gyara lulluɓinta.

Ka gaishe da Yusra, ita ba ta yi mini komai ba, ka ce Allah Ya ba ta haƙurin zama da mai kunnen ƙashi. Ka gaishe da maigidanka da su Babagana da kuke zaune tare. Bappa yana gaishe ka, Goggo Tani ma haka, Maimuna da Amina sun ce a ce suna nan suna jiran turarensu. Inna ta ce lallai in saka gaisuwarta, ga ta na saka. Ladi ba ta aiko da gaisuwa ba, ni ma ban tambaye ta ba.

Wassalam.

Yayarka,
Murja.