Gaisuwar da Ban Kai wa Iya Hassu Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na 'ya ga uwa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahamarSa, Ya yalwata miki makwanci. Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Jikokinki suna makaranta, damina ta zauna sosai, masara har ta fara goyo.

Inna, yau laifi na kawo miki, kuma nawa ne. Na rasa wanda zan faɗa wa ya gane shi yadda yake. A ofis maganar takarda ce, a gari kuwa ba wanda zai fahimci abin da ya haɗa takarda da gaisuwa. Ke kaɗai kika san abin da Iya Hassu take a wurina, shi ya sa na zo gare ki, ko da yake na san wasu ma za su karanta.

Ba ki ga wannan aikin nawa ba. Bayan rasuwarki aka mai da ni ofishin Funtuwa na hukumar da ke sa ido kan ƙungiyoyin taimako, irin waɗanda ke tara zakkar hatsi da sadaka su raba wa marayu da matan da mazansu suka rasu. Mu ke musu rajista, mu ke duba siton da suke ajiya, mu ke sauraron ƙorafi. Na san da kina nan sai kin yi dariya kin ce dama tun ina ƙarama ba abin da na iya kamar leƙa tukunyar mutane.

Shugabarmu, Hajiya Rabi, mace ce mai tsantseni har ya so ya yi yawa. Abu biyu ne ba ta wasa da su. Na farko, sunan mai ƙorafi ba ya fita daga ɗakinta. Na biyu, duk ranar da za a fita bincike sai ta tsare mu da ido ta ce, "Akwai mai alaƙa da wani a garin nan? Ɗan'uwa, suruki, aboki, ko abokin gaba. A faɗa yanzu." Wanda ya ce akwai, ya zauna, wani ya tafi. Mun ji tambayar nan har mun haddace, idan ta ba da baya ma kwaikwayon muryarta muke yi.

Kin san Iya Hassu fiye da ni, amma bari in tuna miki ita yadda nake ganinku. Shekara ɗaya aka kawo ku unguwa ɗaya kuna amare. Na tashi ina ganinku a tsakar gida kuna ɓarar masara, ke ki fara magana ita ta ƙarasa, ku kwashe da dariyar da ba wanda ya san dalilinta. Da aka kwantar da ke a asibitin Malumfashi, ita ta bar sana'ar daddawarta ta zo ta zauna jinya, har tana korata in je in huta wai ni yarinya ce.

Kuma kin sha gaya min, "Kowa kika tsallake a garin nan zan iya ba shi haƙuri, ban da Hassu." Na riƙe wannan. Tun da kika tafi ban taɓa shiga gari ban fara sauka a gidanta ba, ko da gidanmu na nufa. Kowa ya san haka, har masu babur a bakin titi ba sa tambayata inda za su kai ni.

Farkon damina ta kira ni a waya. Sai da ta tambayi kowa da kowa, har akuyar da na ce mata na saya, sannan ta sassauta murya. Ta ce, "'Yar nan, ni fa ba ƙarar kowa nake kawowa ba. Amma masarar da ƙungiya ta ba mu bana, ko kaji sai sun yi shawara kafin su ci. Rabi ƙwari, rabi gari. Kuma da idona na ga wadda manoma suka kawo da kaka, fara tas, ana loda ta a mota ranar kasuwa. Ni tsohuwa ce, cikina ɗaya. Masu ƙananan yaran nan nake ji."

Na rubuta abin da ta faɗa, na kai wa Hajiya Rabi, aka kulle sunan. Har zuwa nan, Inna, ban yi abin da za ki ji kunya ba.

Ranar tafiya Hajiya ta yi tambayarta. Na yi gum. Abokan aikina sun san ni 'yar wajen Malumfashi ce, amma ba su san ainihin garin ba, ita ma Hajiya ban gaya mata abin da ke tsakanina da mai ƙorafin ba. Na ce wa kaina ai dokar don masu rufa wa danginsu asiri aka yi ta, ni kuwa ba ni da kowa cikin shugabannin ƙungiyar. Wannan shi ne abin da na gaya wa kaina. Gaskiyar kuwa, so nake in shiga garinmu a motar gwamnati, in gyara wa Iya lamarinta da hannuna, ta ji daɗi ta ce 'yar aminiyarta ta isa. Son a yaba min ne ya rufe min baki, ba wani abu ba.

Muka je, aka buɗe sito. Yadda ta faɗa haka muka tarar. Ka zura hannu a buhu ka fito da shi fari fat da gari, ƙwari na bin yatsunka. Alhajin da ke shugabantar ƙungiyar sai share gumi yake yana cewa laifin danshi ne.

Sau biyu motarmu ta bi ta ƙofar gidanta, da shiga da fita. Na yi tunani na ce idan na sauka, za a ce ita ce ta kai ƙorafin. Sai na sunkuyar da kai kan takarduna kamar mai karatu, muka wuce. Wallahi Inna har daɗi na ji a raina, ina ganin na yi dabara, na kare ta.

Na manta da halin garin da kika haife ni. Kafin la'asar magana ta gama zagaya wurin injin niƙa. "'Yar Inna ta shigo gari ba ta sauka gidan Hassu ba? Ko gawa ta ɗauko sai ta tsaya ta gaishe ta. Akwai abin da ake ɓoyewa." Ba wanda ya ga takarda, ba wanda ya ji suna daga bakin ma'aikaci. Ni na nuna ta, da kaina da na sunkuyar.

Na juya abin nan ta kowace fuska. Da na sauka, za a ce ita ce. Ban sauka ba, an ce ita ce. Hanya ɗaya ce kawai ta tsira, in ce "akwai" ranar da aka tambaye ni, a tura baƙuwar fuska wadda ba wanda zai zuba ido ya ga ƙofar da za ta tsaya.

Abin da ya fi ci min rai shi ne abin da ya biyo baya. Hukuma ta dakatar da rabon hatsi har a gama bincike, kuma daidai ne a ƙa'ida. Amma kin san wannan lokacin, tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba. Matan da ta yi magana dominsu su ne suka fara juya mata baya. An ce wata ta tsaya a ƙofar gidanta ta ce, "Ruɓaɓɓiyar ma da muke tankaɗewa mu tuƙa wa yara, kin toshe mana."

Ba wanda ya zage ta a fili bayan wannan, kin san mutanenmu. Daddawarta ce kawai ta daina ƙarewa. An yi haihuwa biyu a unguwa ba a aiko ta zo wankan jariri ba, ita da rabin samarin unguwar ta hannunta suka bi. Goron suna ma tsallake gidanta ake yi.

Da labari ya iso ni na shiga wurin Hajiya Rabi na faɗi komai. Na so ta yi min faɗa, da na fi samun sauƙi. Sai kawai ta ce, "Malama, tambayar da nake muku ba don wanda ake bincike kaɗai nake yin ta ba. Har da wanda ya kawo kuka. Fuskarki ma tana iya tona masa asiri." Ta cire ni daga aikin, ta ba ni takardar jan kunne, ta kuma sa a rubuta abin da ya faru a bayanan taro, don kada gobe a ce hukuma ta rufa wa tata asiri. Ta ce wasu ma'aikatan za su koma su sake duba siton daga farko, kada Alhaji ya sami abin cewa 'yar gari ce ta zo da ƙullinta. Ba ta yi kuskure ba ko ɗaya. Sai dai kowane mako da wannan gyaran zai ci, yunwa ce a wasu gidaje, kuma da sunan Iya ake kiranta.

Yanzu tambayar tata ta ƙaru. Bayan suruki da aboki takan ce, "Ko wanda ake sa ran za ku tsaya ku gaisar." Ba mai kwaikwayonta kuma, aƙalla ba a gabana ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce na shiga motar haya, na hau babur, na je gidanta. Ta rame, Inna. Ta amsa sallamata, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunansu. Sannan ta ce, "Ran nan da na ji ƙarar motarku, tabarma na shimfiɗa, na dama fura. Tana nan rufe har ta yi tsami."

Na durƙusa ina ba ta haƙuri, ina ta bayanin doka da ƙa'ida, bayanin da ni kaina na ji ba shi da daɗin ji. Ta ɗaga min hannu. Ta ce, "Na gane, 'yar nan. Da na zauna ni kaɗai na gane nufinki. Amma tashi ki tafi tun maza ba su sauko daga masallaci ba. Ranar da ya kamata ki zo ba ki zo ba, yau kuma zuwanki shaida ce a kaina. Kar ki ƙara takowa sai an raba hatsin nan."

Ba ta raka ni ko zaure ba. Na fito ina jin ta tana jan ƙyauren ɗakinta.

Inna, ban san ranar da za a buɗe siton nan ba, ba ni da ikon tambaya ma yanzu. Ban kuma sani ba ko buɗe shi zai mayar mata da abin da na jawo ta rasa. Hatsi ana iya sake rabawa, amma ban san ofishin da ke mayar wa tsohuwa da maƙwabtanta ba. Tsoro nake ji ƙwarai kada ta riske ki a wannan halin, ki tambaye ta labarina ta yi shiru don kara.

Ki yafe min, Innata. Na yi kewarki yau fiye da kullum, don na san da mayafi kawai za ki yafa ki bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, kafin magariba kin gyara abin da na ɓata.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa mu a gidan da ba a rabuwa. Allah Ya ciyar da yaran da ke jiran hatsin nan, Ya ba masu binciken ikon gamawa da wuri bisa gaskiya. Ya Allah, Ka sa gobe da safe wata ta yi sallama a gidan Iya Hassu, tunda ni an hana ni.

Wassalam.

Taki har kullum,
'yarki ta fari, wadda ba ki taɓa kiran sunanta ba.