Mage Ta Maƙale a Tagar Kicin

Baban yara,

Na fita aiki kana ta minshari. Asirinka ya tonu. Ɗazu magen nan taka ta maƙale a ƙarfen tagar kicin, kai a waje, tumbi a ciki. Sai da muka shafe ta da man girki, ni da maƙwabciya, kafin ta fito.

Ashe tun da ka fara allurar rage ƙibar nan ita ke cinye abincinka a ƙarƙashin tebur, ni kuwa ina ta murna faranti na dawowa fes! Likita cewa ta yi allurar za ta sa cikinka ya riƙa gaya wa ƙwaƙwalwa ka ƙoshi da wuri. Ba ta ce ka daina ci ba. Shi ya sa jiri ya kusa kayar da kai jiya.

Akwai kifi da ƙwai da ganye a ƙaramin kwano cikin firji. Ka ci a hankali, ka sha ruwa. In ka ƙoshi ka rufe sauran, ba zan yi fushi ba.

In na dawo zan shinshina bakinta. Na ji ƙarnin kifi, allurar makon nan tata ce.

Maman yara