Tifofin Alhaji Garzali

Indabo

Yaya Halliru,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aikin majalisa? Inna tana gaishe ka. Yaranka ne ke ɗaga wayarka, shi ya sa na rubuto.

Shinkafa da atamfa mai hotonka sun iso, mata sun yi guɗa. Amma jiya na ga fastocinka manne a tifofin Alhaji Garzali, waɗanda ke kwasar yashi a ƙasan gonar Baba. Gaɓar kogin ta sake zaftarewa, ta tafi da kunya shida na albasa. Kai ka yi alkawarin kai ƙudurin hana haƙar nan. Yaya, shi yake biyan kamfen ɗinka?

Ƙanwarka,
Juwairiyya

Kano

Juwairiyya,

Wa alaikumus salam. Ki gaida Inna.

Shi ne. Shi ya sayi fom, shi ya sallami daliget, shi ke zuba mai. Wancan zaɓen filina na Wudil na sayar, duk da haka a Utai wani dattijo ya ce mini, "Honarabul, haka za mu tashi hannu banza?" Masu kukan gaɓa su ne ke layi a ƙofata da safe. Albashina ba ya kai tsakiyar wata. Ki bari zaɓe ya wuce.

Yayanki,
Halliru

Indabo

Yaya,

Bayan gaisuwa. Raina ya ɓaci, sannan na duba jikina, ashe atamfar ce nake ɗaure da ita. Ba ka yi ƙarya ba.

Na kai maganar wurin Malam Yahuza, shugaban masu noman rani. An yi ta gardama. Wani ya ce ɗan siyasa ba ya mayar da abin da ya karɓa. Malam Yahuza ya ce, "Mu fara daina roƙonsa, sai mu ga halinsa." Sun amince kowa zai ba da buhun albasa, masu babura za su yi jigila ranar zaɓe ba ko sisi, in ka rabu da Garzali.

Abin da za mu tara ba zai kai rubu'in nasa ba. Kana iya faɗuwa. Ni dai ban san abin da zan yi ba da ni ce.

Allah ya yi maka jagora.
Juwairiyya

Kano

Juwairiyya,

Na je na sami Garzali, na ce masa mun rabu. Bai ko ɗaga murya ba, kafin la'asar an liƙa hoton abokin takarata a tifofin. Abin da ya kashe zan biya a hankali. Ƙudurin zai shiga zaure ranar Talata.

Asabar zan zo in gode wa Malam Yahuza. Motar da nake hawa ma ta Garzali ce, na mayar, don haka ki turo mai babur ya ɗauke ni a tashar Wudil.

Ki ce Inna ta yi mini addu'a.

Halliru