Baba Ya Ƙi Sauka Daga Tudu

Zuwa ga Yaya Glenys,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin ciwon gwiwar nan, ya raba ku da sharrin sanyin Kanada. Mu nan lafiya lau, sai dai zafin Disamba, lokacin bazararmu a nan, da ya sa mu gaba, ga iska mai ƙaurin hayaƙi tana ta busowa daga yamma.

Yaya, maganar Baba ce ta sa na rubuto. Gundumarmu ba yadda kika bar ta take ba. Gonakin lemun da muke ratsawa zuwa makaranta duk sun zama gidajen likitoci da lauyoyin Sydney, kowane gida da tafkin wanka da motoci uku. Mutane sun ninka, amma hanyar sauka daga tudun har yau ɗaya ce, da 'yar gadar nan. Bara 'yan kwana-kwana suka nemi su ƙone busasshiyar ciyawar daji tun da sauran sanyi, maƙwabta suka yi ca a kansu, wai hayaƙi zai ɓata musu labule, kuma sun sayi gida ne don ganin kore. To, ga koren nan ya bushe ƙayau har bakin tagoginsu.

Yanzu wuta na cin dajin bayan kwari. Na roƙi Baba ya dawo wurina cikin gari, ya ce wai shi da ya kafa gidan nan da hannunsa ba zai bi sahun 'yan gayu ya tsaya layi a gada ba. Jiya na tarar da shi kan tsani, da shekarunsa tamanin, yana toshe indararo da ƙwallon tanis yana cika magudanan rufi da ruwa don kada tartsatsin wuta ya kama gidan. Na yi faɗa har na gaji, ya ce tsoro ya yi mini yawa tun ina ƙarama. Amma da zan tafi sai ya saka mini karensa a mota, da akwatin hotunan marigayiya Mama, ya juya ya koma kan tsaninsa. Wallahi tsoro nake ji.

Don Allah ki kira shi, ke kaɗai yake jin maganarki. An ce iska za ta juya ranar Asabar, ta koro wutar zuwa tudun.

Ki gaishe da yaranki Lachlan da Bronte, da Goggo Maureen.

Ƙanwarki,
Narelle