Rawar Sitiyarin Motar Hajiya Kaka

Minna, Litinin, 4 ga Agusta

Aikin farko yau: ɗaga gaban a-kori-kurar Hajiya Kaka, a cire tayoyi biyu.

Yaya Elijah,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya jiki, yaya kunnen? Ina fatan Mama Phoebe da yara suna lafiya, damina kuma tana yi muku kyau a gida. Mu nan ƙalau, matata Kyauta tana gaishe ka. Kada layin da ke sama ya dame ka, daga littafin aikina na yago takardar. Tunda ba ka jin magana a waya yanzu, zan ba direban Zonkwa ya kawo maka.

Kai ka koya mini aikin nan, shi ya sa nake kawo maka kukana. Ka tuna Hajiya Kaka, Banufiyar nan mai sayar da doya? Motarta ce ke ɗauko kaya daga Paiko. Direbanta Zikrullahi, shekara goma sha ɗaya yana jan ta. Matsalar ita ce, a guje motar lafiya lau take, amma da ya taka birki sai sitiyari ya kama rawa a hannunsa, feda kuma tana bugun tafin ƙafa.

Na bi komai ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ka saba sa ni. Na kama taya sama da ƙasa na jijjiga, boris ba ya wasa. Na kama ta hagu da dama, tarod ɗin da ke haɗa taya da sitiyari lafiya. Takalman birki da sauran nama. Sai na riƙe alli kusa da faifan birki na juya shi, allin ya taɓa gefe ɗaya ya bar sauran. Na kai faifan biyu wajen mai injin fiƙe ƙarfe, ya kankare fuskarsu, na mayar. Wannan a watan Yuni ne. Rawar ta ɗauke mako uku ta dawo. Na sa sababbin faifai a Yuli. Yau ga motar nan kuma a gabana.

Da rana Hajiya ta zo gareji da kanta. Ta ƙi zama a benci. Ta ce ɗana, ko aikinka ne ba kyau, ko tuƙinsa ne, yau sai ka faɗa mini wanne. Zikrullahi yana tsaye a gefe da makulli a hannu, makanikan da ke kusa duk sun ajiye sifana suna saurare.

Yaya, sai na tuna wani abu. Duk inda Zikrullahi ya tsaya salla, a gindin tayar gaba yake tsugunawa ya yi alwala, in ya gama ya watsa ragowar ruwan buta a kan tayar don ya wanke laka. Na sha gani. Sai na ce ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi yana lanƙwasa shi, ga kuma lodin doya da yawan taka birki a gangare. Ban yi ƙarya ba, haka ka taɓa faɗa mini. Amma ban auna ba kafin in faɗa. Hajiya ta miƙa hannu, shi kuma Zikrullahi ya sa mata makullin.

Tun ɗazu nake tambayar kaina ko rabin buta ya isa ya lanƙwasa faifai mai kaurin nan. Ka rubuto mini abin da ka gani.

Ka gaida kowa da kowa.

Ƙaninka,
Irimiya

Minna, Alhamis, 28 ga Agusta

Yayana,

Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali. Na ji an ce zazzaɓi ya taɓa 'yarka Testimony, Allah ya ƙara sauƙi. Amsarka ta iso. Layi biyu ka rubuta: in daina duba motar, in duba abin da ake yi mata duk lokacin da ta zo. Na karanta ya fi sau goma, da farko har na ji haushi.

Rawar ta dawo. Yanzu Ndako ne ke jan motar, mijin 'yar Hajiya. Shi a masallaci yake alwalarsa, ko wankin motar ma ba ya yi sai ta huce, don Hajiya ta ja masa kunne. Kwana ashirin da biyu ke nan, sitiyari ya koma yadda yake. Da ya shigo gareji yana cewa oga, budurwarka ta sake tashi rawa, kowa ya yi dariya.

Na buɗe littafina na jera ranakun. Sau uku motar ta zo, sau uku ta tafi lafiya, sau uku ta dawo bayan mako uku. Direba ya canja, faifai sun canja, lodi ma ya ragu. Abu ɗaya ne bai canja ba, wanda ke ɗaure tayoyin.

Jiya na sake kai faifan aka kankare. Na goge mazauninsu tas, na sa taya, na murɗa notoci da hannu kawai. Na shiga ƙarƙashi da alli na juya, ya zana layi ya zagaye daidai. Sai na fito na ɗaure yadda nake ɗaurewa kullum: na zura dogon bututun nan a sifana, na hau kai da ƙafa biyu, noti na farko sai da ya yi kuka, sannan na bi na kusa da shi, na zagaya. Na koma ƙarƙashi. Allin ya taɓa gefe ɗaya. Na kwance, na sake, na kwance, na sake. Sau huɗu, amsa ɗaya.

Na je wajen Kingsley, wanda ke aiki a babban garejin hanyar Bosso, na aro sifanar nan mai awo da ke yin ƙas in ta kai. Na ɗaure a gicciye, wannan sannan na ƙetarensa, kaɗan-kaɗan. Allin ya zagaye. Kingsley ya ce ƙarfin da nake sawa ya kusa ninka abin da ake so sau uku, ya tambaye ni ko tirela nake ɗaurewa.

Ka san inda na samo wannan hali, ba daga wajenka ba ne. Tun ranar da tayar tasin nan ta fice a hanyar Bida, shekara tara ke nan, wata mata da ke ciki ta karye a hannu, kai kuma ka tsaya gaban mai motar ka ce kai ka ɗaure alhali ni ne. Daga ranar ban sake yarda da hannuna ba, sai na hau da nauyin jikina duka. Ina ɗauka tsantseni nake yi. Motoci nawa na yi wa haka a shekara tara? Na fara ƙirgawa a littafi na rufe shi.

Ba lalacewar faifai ke ci mini rai ba. Mutum ne ya rasa aikin shekara goma sha ɗaya a kan maganata, kuma ruwan alwalarsa na kama na ɗora wa laifi, a gaban jama'a, ni da muke cin tuwon sallarsa duk shekara. Kyauta ta ce in je wajen Hajiya kafin Lahadi, in ba haka ba kada in zauna kusa da ita a coci. Ban yi mata musu ba.

Ka sa ni a addu'a.

Naka,
Irimiya

Minna, Talata, 2 ga Satumba

Yaya Elijah,

Ina gaishe ka da kyau, ina fatan mai jiki ta warware, kai ma kunnen ya yi sauƙi. Ba ni da labari mai daɗi.

Na je rumfar Hajiya ranar Asabar, ana cikin sauke doya. Na faɗa mata komai, har da bututun. Ta saurara har ƙarshe. Ta ce ta gode da na zo, ba kowa zai zo ba. Sai na roƙe ta ta mayar da Zikrullahi. Ta ce makullin yana hannun surukinta, in ta karɓe, auren 'yarta ne zai girgiza, ba za ta gyara wani gida ta rushe nata ba. Ta ce da a makon farko na zo, da da sauƙi. Motar kuma Kingsley ne zai riƙa duba ta daga yanzu. Wannan ban ji zafinsa ba, daidai ne.

Na bi masu doya huɗu da na san suna da mota ko suna neman direba. Biyun da na samu sun ce sun ji labarin, mutumin nan ne mai lalata birki da ruwa. Na ce ni na faɗi haka kuma kuskure ne. Ɗaya ya yi dariya ya ce tausayi ne ke damuna. Maganar farko ta zauna musu, ta biyu ba ta shiga ba.

Na je gidan Zikrullahi, an ce ya tashi. Ya kwashe iyali sun koma Wushishi wajen dangin matarsa, yana ƙwadago a gonar shinkafa. Babbar 'yarsa Kafayatu, wadda ke ajin ƙarshe na sakandare, ba za ta koma makaranta wannan zangon ba.

Yau da hantsi na kira shi. Na shirya abin da zan faɗa, na rubuta shi ma a takarda. Ya ɗauka da murna, ya gaishe ni, ya tambayi madam da yara da suna. Kafin in buɗe baki ya ce:

"Oga Irimiya, ka yafe ni. Wahala na ba ka wata uku, ban sani ba. Wallahi da na san ruwan nan yana ɓata mota, da ban zuba ba."

Yaya, ya yarda. Duk kwanakin nan yana sunkuye a gonar mutane yana ganin laifin kansa. Takardar tana hannuna, na ji bakina yana cewa ba komai, Allah ya yafe mana duka. Ya ce amin, ya yi mini godiya, ya kashe.

Kai ka ɗauki laifina a kanka, ni na ɗora nawa a kan wani, yau kuma na karɓi haƙurinsa. Ban san me za ka kira wannan ba. Ko na faɗa masa, aikin ba zai dawo ba, yarinyar ba za ta koma aji ba. Amma ba a waya ya kamata ya ji ba.

Ka gaida Mama Phoebe. Kada ka nuna mata wannan.

Ƙaninka,
Irimiya

Abin da ya rage na gobe, Laraba:

Mayar wa Kingsley sifanarsa, a tambaye shi inda ake samun irinta.
Kiran masu motoci bakwai da na ɗaure wa taya a watan da ya wuce, su kawo a kwance a sake.
Komawa wajen masu doya biyun da ban samu ba.
Tashar motar Wushishi. Ban san unguwar ba, sai na tambaya.
In ya shimfiɗa mini tabarma, kada in zauna, kada in sha ruwa, sai na faɗa.