Hancin Baba da Tukwanen Bikin Sulaika

Ponnani,
ƙarshen damina.

Zuwa ga ƙanena Moidin,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan zamanka a can Salala ta ƙasar Larabawa. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa albarka a guminka, ya dawo mana da kai cikin aminci. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Ƙafar Umma ta yi sauƙi har tana zuwa bakin rijiya da kanta, ruwa ya ɗauke, kifi ya fara araha. An kai autarmu Sulaika ɗakinta lafiya, kamar yadda ka ji a waya. Abin da ba ka ji ba shi ya zaunar da ni rubutu, don duk lokacin da ka kira, Baba na tsaye a kaina yana zare mini ido, ba halin in ba ka labari.

Ka san murar Baba ta kowace damina. Ruwan farko na sauka atishawa za ta fara, ido ya yi ja, hanci ya toshe, Umma ta haɗa masa surace da ganyen ɗaɗɗoya, ya yi ta mita har ta wuce. To bana murar ta tafi, amma ta tafi da hancin. Baba ya daina jin ƙamshin komai, kuma bai gaya wa kowa ba. Ni na kama shi. Wata safiya madara ta ƙone a kan wuta, ƙauri ya cika gida har maƙwabciyarmu Goggo Patumma ta leƙo ta katanga tana tambayar ko lafiya, shi kuwa yana zaune dab da murhu yana karanta jarida hankali kwance. Mutumin da in ya wuce ta ƙofar gidan mutane yake faɗin abin da ya yi kaɗan a miyarsu! Da na tsare shi, sai ya sunkuyar da kai ya ce in rufa masa asiri. Wallahi Moidin, tausayinsa ya kama ni, don ban taɓa ganin tsoro a fuskar Baba ba sai ranar.

Kai ma ka san matsayin hanci a sana'arsa. Da zarar an liƙe murfin tukunyar shinkafar biriyani da kwaɓaɓɓiyar fulawa, an zuba garwashi a sama, ido ya gama aikinsa. Baba ba ya duba agogo, zagaya tukwane yake yana shaƙa har ya ce a fasa liƙin. Ga bikin autarsa ya matso, rabin gari na jiran shinkafar Biran Kuku, kamar yadda suke kiran Baba. Ya ce mini in hancin bai dawo ba kafin bikin, to ya bar dafuwa ke nan, tukwanen tagullar kakanmu ma a kira dillali ya kwashe, don ba zai tsaya gaban wuta yana canke kamar sabon shiga ba. Na kai shi asibiti, likita ta duba ta ce kumburi ne, zai sauka a hankali. Hankalina ya kwanta, nasa bai kwanta ba, don biki ba ya jiran a hankali.

Da maganar ta kai kunnen Umma, sai ta ce a kai shi wurin Kumaran mai maganin gargajiya na Ayurbeda, wanda suka yi firamare tare da Baba suka kuma tsufa suna tsokanar juna. Kumaran ya riƙe masa hannu, ya leƙa hancin, ya ce sai an yi masa nasiyam, ɗurin man nan na hanci. Sa'an nan ya jero dokoki yana murmushi: ba wanka da ruwan sanyi, ba jiƙa kai, ba barcin rana, ba kusantar hayaƙi, ba fushi, ba ɗaga murya. Baba ya ce ai gara ya ce a binne shi kawai a huta. Kumaran ya ce shi ma ya so hakan, amma ba haka aka koya masa ba. Ya ƙara da cewa shekara da shekaru unguwa na neman wanda zai rufe bakin Biran, yau ga shi ya kawo kansa da ƙafarsa.

Matsalar ita ce ba a ɗurin sai da safe, ciki ba komai, kuma sai gari ya washe. In da hadari, Kumaran ko kwalba ba ya buɗewa, ka kuwa san ƙarshen daminarmu. Kullum Baba ya dawo daga masallaci sai ya tsaya tsakar gida yana hararar sama. Da ya gaji da jira sai ya yi mana aika-aika. Ya lallaɓa ya karɓo kwalbar man a hannun matar Kumaran da sunan aike, ya dawo ya yi wanka, ya cika ciki da rogo da miyar kifi, ya miƙe a benci, ya ɗebi mai da cokalin shayi ya tuttula a hanci. A lissafinsa, in ɗigo yana magani, to cokali zai fi sauri, yadda yake yi wa man shanu a tukunya. Ranar mun ga tari da hawaye, rogon ma ya dawo ta inda ya shiga. Kumaran ya iso da lemarsa, ya tsaya a kansa ya ce, "Biran, hanci ne fa, ba tukunyar biki ba!" Umma ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

Daga nan ya bi doka. Da gari ya washe aka fara. Ya kwanta rigingine, a shafa masa mai mai ɗumi a goshi da kumatu da wuya, a gasa fuskar da tawul, a ɗan karkata kan baya, a ɗiga man riɗin da aka dafa da saiwoyi a kowace ƙofar hanci. Ya shaƙa a hankali, ya tofar da abin da ya gangaro, ya kuskure baki da ruwan ɗumi, a ƙarshe a turara masa ɗan hayaƙin kurkum. Baba ya yi ta gunaguni ƙasa-ƙasa, wai hayaƙin Kumaran halal ne, nasa ne haram. A gida kuwa sai raɗa da nuni da yatsa. Umma ta ce tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa jin daɗin aure irin na makon nan ba, har ta aike ni in tambayi Kumaran ko ana iya ƙara kwanakin.

Majina ta fita, numfashi ya buɗe, minshari ya ragu, amma ƙamshi shiru. Kowace safiya in kai masa kanumfari ko kirfa a tafin hannu, ya shaƙa, ya girgiza kai. Haka muka yi ta yi har jajibirin biki. Kumaran ya ce ko kusa da murhu kada ya je, don hancin ɗanye ne, hayaƙin itace zai ɓata aikin. Da yamma Baba ya kira mijina Kunjali, wanda ya daɗe yana ɗaukar masa tukwane, ya miƙa masa babban ludayinsa na dafuwa. Na shige ɗaki na yi kukana na share ido, kada Sulaika ta gani.

Ranar biki aka zaunar da shi a baranda cikin sababbin fararen kaya, an naɗe masa kai da tawul, Kumaran na gefensa yana gadi. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya tambayi yadda aka yi Biran Kuku ke zaune, shi kuma ya ce yau uban amarya ne shi. Tukwane na can bayan gida an liƙe su, Kunjali na zagaye yana gumi yana duba agogo. Liman ya iso, aka zazzauna, wuri ya yi tsit za a fara ɗaurin aure. Sai muka ji tsawa daga baranda: "Kai Kunjali! Tukunyar jikin bishiyar kwakwar nan ta kama! Janye wutar, wane irin sakarci ne wannan!" Liman ya zabura har hularsa ta karkace. Baba kuwa bai gane abin da ya faru ba sai da ya ga kowa ya zuba masa ido. Ya ɗora yatsa a kan hanci, ya ja numfashi, sai ga hawaye shar-shar. Kumaran ya ce ya karya doka biyu a lokaci guda, fushi da ɗaga murya. Baba ya ce ya kai ƙara, ya cire tawul ɗin ya ɗora masa a cinya, ya roƙi liman ya yi sauri don yana da aiki a bayan gida.

Ana shafa fatiha Baba ya tattare zanensa na maza ya ruga, ya fasa liƙin tukwanen nan da hannunsa ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta kama ɗin ƙasanta ne kawai, saman lafiya lau, ba baƙon da ya ji ƙauri a farantinsa. Amma Baba ya sa aka kankaro masa ƙanzon a faranti, ya zauna a kan buhun albasa yana shinshina kowace loma kafin ya kai baki, yana cewa bai taɓa jin turare irin wannan ba. Ya maida wa Kunjali ludayin, ya ce ya riƙe, hannu nasa, hanci na Biran. Washegari sai ga dillalin tukwane, ashe Goggo Patumma ta riga ta kai masa labarin wai za a sayar da su. Baba ya ba shi shayi, ya tambaye shi yaushe ne bikin 'yarsa, don ya ware masa rana.

Umma na gaishe ka, ta ce ka daina kwana a gaban na'urar sanyi. Kunjali da yara na gaisuwa, haka Goggo Patumma, da Sulaika da angonta. Kumaran ma ya ce a gaishe ka. Ka gaida Kawu Hamsa da iyalinsa in ka je wurinsu. Baba bai san abin da na rubuta ba, amma da ya ga ina rubutu ya ba ni saƙo. Ya ce in gaya maka bikinka kaɗai ya rage masa a gidan nan, ka yi wa Allah ka dawo ka nemi mata tun hancin na aiki.

Ka huta lafiya. Ni ce yayarka mai kewarka,
Subaida.